Taku Goma Sha Bakwai

"Ɗauki farar mana, Auta! Tun ɗazu kin zuba musu ido kamar za su yi miki magana."

Auta ba ta ɗago ba.

Kyamarori biyu ne a gabanta a kan kantar shagon, an shimfiɗa musu baƙin ƙyalle. Ɗaya fara ce mai ruwan azurfa, sabuwar fitowa, sai sheƙi take yi. Ɗayar baƙa ce mai nauyi, ba ado ba kwalliya. Duk wadda ta ɗauka, guminta na shekara uku ne zai tafi a kanta, kuma da ita za ta ci abinci shekaru masu zuwa.

Mai maganar ya ƙara matsowa, turarensa ya cika mata hanci har sai da ta kau da kai. Abokin Yayanta ne, mai ƙaton ɗakin hoton nan na bakin babbar hanya, wanda kowa ke kira Ɗan Kwalisa a bayan idonsa.

"Irin tawa ce fa, gimbiya," ya ce yana shafa farar da ɗan yatsa. "Da kanta take nemo idon mutum ko a guje yake. Ga gilasan kyamarata guda tara, duk naki ne. Ranar da muka zama ɗaya ma ba sai kin tambaya ba."

"Ji mutum!" in ji Yaya daga bakin ƙofa, yana kaɗa mukullin mota. "Ana miƙo miki a hannu kina jan aji."

Baba Mai Kyamara ya sauko da tabarau zuwa karan hancinsa. Shekara talatin yana sayar wa mahaifin Auta kayan aiki kafin Allah ya yi masa rasuwa, don haka ba ya yi mata maganar 'yan kasuwa.

"Ku bar yarinya ta yi tunani," ya ce. "Auta, kin dai san yadda abin yake. Kowane kamfani da irin bakin kyamararsa, gilashin wannan ba ya hawa bakin waccan. Farar ta fi sauri, ta fi gani a duhu, ba zan ɓoye miki ba. Amma baƙar ce gilasan mahaifinki za su hau. In kika ɗauki farar, sai dai ki jera su a kabad ki riƙa goge musu ƙura."

"Tsofaffin kwalabe!" Ɗan Kwalisa ya yi dariya.

Maganar ta soke ta. Ta zuge jakarta a hankali. Gurbi uku ne a ciki. Biyu na ɗauke da gilasan mahaifinta, kowanne da ɗigon farin fenti a gefe. Na ukun ba nasa ba ne. Koren zare ne ɗaure a wuyansa.

Tana ganin zaren nan gabanta ya faɗi, kamar yau ta fara ganinsa.

"Sai gobe," ta ce.

"Gobe kuma?" Yaya ya ɗaga murya. "Sau nawa za mu zo shagon nan?"

"Sai gobe, Yaya... don Allah."

"Ki zo da safe," in ji Baba Mai Kyamara yana naɗe ƙyallen. "Kin san dokata. Ba na sayar da kyamara a kan kantar nan. Sai an fita da ita bakin titi an gwada, ko da sarkin masu hoto ne ya zo saye."

Ta rungumi jakarta ta fice, ko sallama ba ta yi musu ba.

To, bari ku ji abin da ya sa zare guda ya hana mutum ciniki.

Ɗakin hoton da mahaifinta ya bar mata taku huɗu ne daga ƙofa zuwa labule. Shuɗin labule, fitila biyu masu lema, kujera ɗaya ta masu zaman hoto, sai ɗan benci a lungu. A nan Auta ta girma, a nan ta koyi sana'a. Lokacin da ciwo ya kwantar da mahaifin, wani mai ɗaukar hoto na waje ya fara zuwa yana karɓe masa ayyukan da ba zai iya fita ba. Dogo ake ce masa, kuma bai ci sunan banza ba, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin. Ba shi da shago. Babur ɗinsa da jakarsa su ne dukiyarsa.

Kyamararsa irin tasu ce, baki ɗaya. Daga nan abin ya samo asali. Kullum da safe sai ya tsaya a ƙofa, ta dafa shayi kofi biyu, su buɗe jakunkuna a kan benci. In yana da aikin fuska sai ya ɗauki gilashin mahaifinta, wanda ya fi kowanne fito da mutum. In tana da taron iyali da ɗakin zai yi wa kaɗan sai ta ɗauki nasa mai faɗi. Ba rubutu, ba shaida. Nasa koren zare, nasu farin fenti.

Bayan rasuwar mahaifin bai daina zuwa ba. Ana nan ana musayar gilasai, har aka wayi gari ya daina ce mata Auta.

"Haskena," yake cewa, "yau wanne za ki ba ni?"

Wannan kalma kaɗai takan ishe ta murmushin yini guda.

Yaya kuwa tun farko ya murza gashin baki ya ce ba da shi ba.

"Mutumin da shagonsa ke rataye a kafaɗarsa? In ruwa ya sauko ina zai ajiye ki, cikin jakar? Ga abokina nan, mai gini, mai ma'aikata, yana ta bin ki kina yi masa kallon banza!"

Ta yi haƙuri da faɗan, Mama ma ta yi ta lallaɓa shi. Sai ranar nan da ya shigo ɗakin hoton da tsakar rana, ya jefa mata ambulan a kan benci.

"Ga mutumin naki."

Hoto ne guda. Dogo ne tsaye a tashar mota yana murmushi, wata mace mai jan mayafi ta kusa kwantar da kumatunta a kafaɗarsa, ita ma tana dariya. Auta ta kalla, ta sake kalla, ɗakin ya shiga juya mata.

Washegari da ya zo da safe babu shayi. Hoton ta miƙa masa.

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago da ido jawur.

"Wallahi ban san ta ba, Haskena."

"Kar ka ƙara kira na da sunan nan!"

"Ki saurare ni. Daga nesa aka ɗauki wannan, da dogon gilashi. Shi yana janyo na baya ya manna shi da na gaba. Wannan matar tana can..."

"Ni za ka koya wa hoto? A cikin hoto aka haife ni!"

Gaskiya ne ta taɓa jin ana faɗar haka game da dogon gilashi. Amma wadda duk aikinta a taku huɗu yake, ina ta taɓa riƙe shi? Kuma kishi ya riga ya toshe mata kunne.

"Babana ya sha faɗa," ta ce tana haki, "mutum na iya yin ƙarya, hoto ba ya yi."

"Saboda Babanki bai taɓa ɗaukar hoto don ya cuci wani ba."

"Fita min daga ɗaki!"

Ya sunkuya ya fita. Ta toshe lambarsa a wayarta kafin ƙarar babur ɗinsa ta ɓace. Sai da yamma ta lura gilashinsa na cikin jakarta, na mahaifinta kuma ya tafi a tasa.

Wata takwas ke nan. Bai aiko ba, ba ta aika ba.

Kai, kaɗaici bai yi ba! Auta ta san shi ciki da waje a watannin nan. Da safe sai ta tsinci kanta ta zuba ruwan kofi biyu a buta, ta tsaya tana kallonsa, sannan ta rage. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofa sai kunnenta ya miƙe. Masu shirin aure su yi ta shigowa bibbiyu, ita kuma ta yi ta faɗar abu guda sau ashirin a yini.

"Ɗan matso kusa da ita... ƙara kaɗan... yawwa, ku yi murmushi."

Su yi murmushi, su tafi riƙe da juna. Ta kashe fitilu, ta zauna a kan bencin nan ita kaɗai, ta ci abincinta ba tare da ta ji ɗanɗanonsa ba. Dubban fuskoki ne a cikin kwamfutarta, babu tata ko ɗaya, don tun rasuwar mahaifinta ba wanda ya ce mata tsaya in ɗauke ki. A cikin haka tsohuwar kyamarar ma ta mutu a hannunta ana tsakiyar aiki, mai gyara ya ce ba ta tashi.

Da ta dawo daga shagon Baba ran nan, ta tarar da Mama a falo tana ninke kayan wanki.

"Kin sayo?"

"Ban saya ba."

Mama ta ajiye zanen da ke hannunta ta dube ta sosai.

"Auta, ni ban san kan kyamara ba. Amma ni na haife ki. Kyamarar ce ta yi miki wuyar zaɓe, ko kuwa?"

Auta ta zube a ƙasa ta ɗora kai a gwiwar Mama.

"In na ɗauki farar shi ke nan, Mama. Gilashinsa ba zai ƙara yi min amfani ba. Sai in aika masa da abinsa, ya aiko min da na Babanmu... babu sauran abin da ya haɗa mu."

"In kuma kika ɗauki baƙar?"

"Sai in ci gaba da jiran mutumin da ya ci amanata."

Mama ta shafa mata kai.

"Yayanki ya ce abokinsa na son amsa ƙarshen watan nan. Ba zan yi miki dole ba, 'yar nan. Amma dubi wuyanki, duk kin zube. Zaman nan da kike yi tsakanin biyu shi ke cinye ki."

"Gobe farar zan ɗauka," in ji Auta.

Ta faɗa da ƙarfi don ta ji da kunnenta, sai kuma ta rushe da kuka.

Washegari da hantsi ita da Yaya suka koma shagon. Ɗan Kwalisa ya riga su zuwa, ya ci gayu kamar ranar aurensa, ga wani dogon akwati a gefensa.

"Baba, farar zan ɗauka," Auta ta ce tun kafin ta zauna.

Ɗan Kwalisa ya wangale baki. Yaya ya ce alhamdulillahi, wayarsa ta yi ƙara, ya fita amsawa.

"To madalla," in ji Baba Mai Kyamara. "Sai gwaji. Bari in ɗauko miki gilashin shago."

"Haba Baba, wane gilashin shago?" Ɗan Kwalisa ya ɓalle akwatin nan da alfahari. "Gimbiya da babba za ta fara. Ki ga irin abin da za ki gada."

Ya fito da wani gilashi mai tsawon hannun mutum. Auta ba ta taɓa ganin irinsa kusa da kusa ba.

"Duk garin nan ni kaɗai ke da shi. Ko ba haka ba, Baba?"

"Haka ne. Guda ɗaya na taɓa kawowa, kai ka saya."

Ya ɗaura mata shi a bakin farar, ya nuna mata yadda za ta tallafe shi da hannun hagu. Ta fita bakin ƙofa tana jin nauyinsa har kafaɗa. Titin ya cika da hayaniyar safe. Ta rasa abin da za ta ɗauka, sai ta hango Yaya can ƙasan titi, jingine da motarsa yana waya yana dariya. Ta ɗaga kyamarar ta sa ido.



Ga Yaya nan ya cika hoton. Ga kuma wata mata mai sayar da lemo, ta kwanto da fuskarta dab da kafaɗarsa, tana dariya kamar shi ya ba ta labari.

Auta ta sauke kyamarar.

Yaya shi kaɗai ne a jikin motarsa. Mai lemon tana can baya nesa, a ƙofar kantin magani, tana wasa da wata mai ciniki. Tsakaninsu har da mota biyu a ajiye.

Ta sake ɗagawa. Sun manne.

Ta sauke. Sun rabu.

"Innalillahi..." ta ce a hankali.

Yatsanta ya danna da kansa. Ƙyas!

Ta koma cikin shagon kamar mai tafiya cikin barci. Ta ajiye kyamarar, ta zura hannu can cikin aljihun jakarta ta zaro hoton nan. Wata takwas yana tare da ita, har gefunansa sun lanƙwashe.

"Baba... duba min wannan."

Ɗan Kwalisa na ganin jan mayafin ya sha jinin jikinsa.

"Gimbiya, me kuma ya kawo tsohon zance? Mu gama ciniki mana."

Ba wanda ya kula shi. Baba Mai Kyamara ya ɗauko ɗan madubinsa na ƙara girma, ya sunkuya a kan hoton. Bai yi minti ɗaya ba ya ja tsaki.

"Kin ga agogon tashar nan a bayansu? A can ƙarshen tasha yake, amma ji shi nan kamar faranti a kan kawunansu. Kin ga idon matar? Ba shi take kallo ba, wani take yi wa dariya a gefe. An kuma yanke ƙafafunsu don kar a ga ƙasan da ke tsakani." Ya ɗago. "'Yar nan, me ya hana ki kawo min wannan tun ranar?"

"Kunya, Baba."

"Gilashi ɗaya ne a garin nan zai yi wannan aikin."

Duk suka juya suka kalli dogon gilashin da ke kan kantar shagon.

Daidai nan Yaya ya shigo yana sa waya a aljihu.

"An gama? Mu tafi, ina da..."

"Yaya," Auta ta juyo masa da bayan kyamarar, "wace ce wannan? Ko in tura wa Anti matarka ta gane mana ita?"

Yaya ya leƙa. Idonsa ya yi waje.

"Kai! Wace ce wannan? Yaushe? Wallahi ban san ta ba! Auta, kar ki haɗa ni da matata, wallahi tallahi ban san ta ba!"

"Haka shi ma ya ce."



Ta ajiye tsohon hoton kusa da sabon. Yaya ya kalli wannan, ya kalli wancan, ya leƙa waje ya hango mai lemo can nesa tana ba da canji. Sannan ya juyo a hankali ya dubi abokinsa.

"Kai ka kawo min hoton nan. Ka ce wani ne ya turo maka."

"Don ina son ta ne," Ɗan Kwalisa ya shiga in-ina. "Ai kai ma ka ce ba ka son yaron... na taimake ka ne..."

"Ka taimake ni? Ka mai da ni sakarai a gidanmu, ka sa na raba ƙanwata da farin cikinta, ka ce ka taimake ni?"

Auta ba ta tsaya jin sauran ba. Ta kwance dogon gilashin a hankali, don ko na maƙiyi ne gilashi ba ya son garaje, ta ajiye masa a akwatinsa.

"Baba, baƙar nake so."

"Ba ki gwada ta ba."

"Na san inda zan gwada ta. In dai... in dai zan same shi."

Tsohon ya yi ɗan murmushi, ya miƙo mata baƙar, bakinta a rufe da murfi.

"Dogo yana bayan kasuwa, wurin masu sa hoto a firam. Ya ajiye ɗauka tun tuni, yankan katako yake yi. Amma duk sati sai ya zo nan ya sayi takardar goge gilashi. Na yi ta mamakin me yake gogewa."

Shagon firam ɗin wani siririn ɗaki ne mai warin gam da garin katako. Hotunan auren mutane jingine ko'ina a jikin bango. A can ƙurya ta hango dogon bayansa, ya duƙa yana auna katako. Ya rame har rigarsa na lilo a jikinsa.

Ta yi sallama. Hannunsa ya tsaya cak, amma bai juyo da wuri ba.

"Malama, firam za a yi?"

Malama! Da ya zage ta ma da ya fi mata sauƙi.

"Dogo... na gani. Yau na riƙe dogon gilashi da hannuna. Na gani da idona."

Ya juyo ya dube ta. Babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Taku goma sha bakwai," ya ce.

"Na'am?"

"Tsakanina da matar. Na koma tashar na auna. Ruwan sanyi take sayarwa a gindin ginshiƙi, kullum tana wurin. Da na ba ta labarin hoton dariya ta yi, ta ce in kai ta wurinki ta yi miki bayani. Na kira, kin toshe ni. Na je gidanku, Yaya ya kore ni a ƙofa. Sau uku ina zuwa bakin ɗakin hotonki ina juyawa."

"Me ya sa ba ka shigo ba?"

"Kin ce in fita."

Hawaye suka ɓalle mata.

"Ba hoton ne ya ci min rai ba, Auta. Mai son raba mutane ba abin da ba zai yi ba. Abin da ya hana ni barci shi ne, shekara biyu ina buɗe miki jakata kullum, kin san duk abin da ke ciki, amma da aka ajiye takarda a gabanki sai kika yarda da ita kika ƙi yarda da ni."

"Ba ni da abin cewa," ta ce cikin shesshekar kuka. "Na zalunce ka. Na zalunci kaina. Kullum sai na zuba ruwan shayinka, Dogo... kullum, wata takwas!"

Ya kau da kai ya kalli bango.

Ta ciro baƙar kyamarar ta ajiye a kan teburinsa, cikin garin katako. Ta ciro gilashinsa mai koren zare ta ajiye a gefenta.

"Biyu aka ajiye min, na zaɓi wadda bakinta ya dace da naka. Ko ba ka yafe min ba, ita zan riƙe. Ga abinka, na gode da aro."



Ta juya.  Taku ɗaya, biyu, uku. Har ta kai hannu ga labulen ƙofa.

Ƙyat!

Duk mai hoto ya san wannan ƙarar, ƙarar gilashi ne in ya zauna daram a bakin kyamara.

Ta waiwayo.

Aljihun teburin a buɗe yake, ga farin hankici a warware. Gilashin mahaifinta ne a kan baƙar, ɗigon fentinsa na nan, fuskarsa tas ko ƙwayar ƙura babu. Dogo ya ɗaga kyamarar ya sa ido.

"Tsaya a nan. Juyo wajen taga."

"Dogo, fuskata duk hawaye..."

"Na gani." Ya ɗan juya gilashin. "Kin rame, Haskena."

Ta toshe baki da hannu biyu.

"Sake faɗa."

"Haskena. Sauke hannun mana, ya zan ɗauke ki a haka?"

Ta sauke, tana kuka tana dariya. Hoton farko da baƙar kyamarar ta ɗauka ke nan, fuskar Auta shaɓe-shaɓe da hawaye, hanci ya yi ja. Har yau ta hana a goge shi.

Yaya da ƙafarsa ya je shagon firam ɗin bayan kwana biyu. Abin da suka tattauna ba wanda ya sani, amma an ga ya fito yana share ido yana cewa garin katako ne ya shigar masa. Ɗan Kwalisa kuwa tun daga ranar in ya hango motar Yaya sai ya canza hanya.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Sai ga matsala: ango mai hoto, amarya mai hoto, wa zai ɗauke su? Baba Mai Kyamara ya rufe shagonsa ya zo da kansa. Ya buɗe jakunkunan nan biyu a kan benci, ya tsallake duk manyan gilasai, ya zaɓi mafi gajarta a ciki.

Suka tsaya a gaban shuɗin labule, Mama da Yaya da Anti na leƙe daga ƙofa.

"Ku matso," in ji Baba.

"Baba, ai mun matso," Auta ta ce tana sunne kai.

"Ina fa! Wannan gilashin ba ya haɗa kowa da kowa. In kuna so ku fito kusa, sai ku matso da ƙafafunku."

Taku ɗaya ne ya rage a tsakaninsu.

Dogo ya ɗaga ƙafa zai yi shi, Auta ta riƙe masa hannun riga.

"Tsaya," ta ce a hankali. "Wannan takun nawa ne."

Ta taka ta iso gare shi, Baba ya danna.